Yadda Ake Bin Sawun Kakan Da Ya Yi Ƙaura Daga Ingila

Yawancin masu neman asali suna tafka kuskure ɗaya: da sun ji kakansu mutumin Ingila ne, sai su faɗa takardun Ingila suna laluben sunansa. Ta ƙarshe ake farawa. Fara daga ƙasar da ya rasu, ka riƙa komawa baya har ka isa ƙauyen da aka haife shi.

Da farko, zauna da tsofaffin gidan, don da tsohuwar zuma ake magani. Rubuta duk abin da suka faɗa, har wanda kake shakka a kai. Duba bayan hotuna, tsoffin wasiƙu, da rubutun da ke kan kabarinsa.

Sannan nemi takardar rasuwarsa da ta aurensa a ƙasar da ya zauna. Idan Ostareliya ya je, ka yi sa'a, domin takardun rasuwa na jihohin Victoria da New South Wales sukan kawo sunayen iyaye, garin haihuwa, har da shekarun da mamacin ya yi a can. Shafin Trove kuma yana da tsoffin jaridun ƙasar kyauta, inda sanarwar rasuwa kan ambaci garinsa na asali.

Mataki na gaba shi ne jirgin da ya ɗauke shi. Ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan tana riƙe da jerin sunayen fasinjojin da suka tashi daga tashoshi irin su Liverpool da Southampton zuwa ƙasashe masu nisa daga 1890 zuwa 1960. Turawan da suka shigo Legas a jiragen Elder Dempster, masu aikin reluwe ko haƙar kuza a Jos, su ma suna ciki. Wanda ya tafi kafin 1890, a tashar da ya sauka za ka neme shi: Amurka ta fara ajiye irin wannan jeri tun 1820, tsibirin Ellis da ke New York kuma ya fara karɓar baƙi a 1892. Kada ka ji kunya in ka tarar ba da son ransa ya tafi ba. Daga 1788 zuwa 1868 an kwashi fursunoni kusan 162,000 zuwa Ostareliya, da yawansu kan ƙananan sace-sace, kuma takardunsu sun fi na waɗanda suka tafi da son ransu bayani.

Yanzu ne za ka shiga Ingila. Tun 1 ga Yulin 1837 gwamnati ke rajistar haihuwa, aure da mutuwa. Bincika jerin sunayen kyauta a shafin FreeBMD, sannan ka sayi takardar kanta daga ofishin rajista na GRO. Ta haihuwa tana ɗauke da sunan gidan mahaifiya kafin ta yi aure, ta aure kuma da sunan uba da sana'arsa. Kafin 1875 ba a tilasta wa iyaye yin rajista ba, saboda haka rashin ganin suna bai nuna ba a haife shi a wurin ba.

Ƙidayar jama'a ce ta fi burge ni, domin a nan kake ganin gidan gaba ɗaya: uba masaƙi, 'yar shekara goma sha biyu tana aikatau, kaka a zaune da su. Ta 1841 ce ta farko mai sunan kowa, amma a kula, ta rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, ɗan 29 sai a rubuta 25. Daga 1851 aka fara rubuta garin haihuwa. Bi shi duk shekara goma; ƙidayar da ya ɓace a cikinta za ta nuna maka tsakanin da ya tafi. Ta 1921 ce ta baya-bayan nan da aka buɗe, ta 1931 kuwa gobara ta cinye ta a 1942.

A nan nake roƙonka ka yi haƙuri. Kama da wane ba ta wane ba ce. Masu suna ɗaya da shekaru ɗaya sun cika gari. Kada ka karɓi mutum a matsayin kakanka sai abubuwa biyu aƙalla sun dace ban da suna, kamar sunan uba da sana'a. Na ga wanda ya kwashe shekara guda yana bin zuriyar wani daban saboda ya kwafi jerin dangin da wani ya ɗora a intanet.

Kafin 1837, littattafan coci ne madogara, waɗanda aka ba da umarnin ajiyewa tun 1538. Da yawa suna shafin FamilySearch kyauta. Waɗanda ba su nan, rubuta wa ma'adanar tarihi ta gundumar da ƙauyen yake, ka ba su cikakken suna, sunan cocin, da shekarun da kake zato.