Darasi na Tara: Jakar da ke Ƙarƙashin Gado

Mu fara da misali. Wata dattijuwa ce a unguwar Mabera, a birnin Sakkwato, ɗanta na fari soja ne. Ya samu hutu, ya iso gida bayan isha'i da jaka biyu. Ɗaya ta tsaraba ce. Ɗayar kuwa sai ya tura ta ƙarƙashin gadon uwar, bayan tsofaffin kwanoni.

"Inna, ki aje min wagga, kar ki bari yara su taɓa."

"Mi ac ciki, ɗan nan? Na ji ta da nauyi kamar dutsin niƙa."

"Kayan aiki na, Inna."

Da asuba ta zuge jakar. Warin baƙin mai ya daki hancinta. Ga ƙarfe naɗe cikin tsohon zane, ga harsasai cikin leda. Ta jira ya dawo daga masallaci, ta ce, "Maida ta inda ka ɗauko ta. Ɗakina ba bariki ba ne."

Tsohuwar nan ba ta taɓa karanta doka ba, amma abin da doka ta ce ke nan.

Bindigar da kuke gani a kafaɗar soja ba tasa ba ce, ta gwamnati ce, amana aka ba shi. Kowace tana da lamba a jikinta. Idan zai fita aiki sai ya je ma'ajiyar makamai ta bariki, a rubuta sunansa da lambar bindigar, a ƙirga masa harsashi, ya sa hannu. Gidan harsashi ɗaya na AK-47 yana cin guda 30. In ya dawo ya mayar, wanda ya harba kuma ya yi bayaninsa. Saboda haka babu yadda za a yi soja mai hutu ya zo gida da ita bisa ƙa'ida. Kakin da ke jikinsa bai ba shi ikon mallakar wata bindiga ta kansa ba tare da lasisi ba. A nan shi da manomi duk ɗaya suke.

Dokar bindigogi ta Najeriya tun 1959 take. Ta kasa bindigogi kashi uku. Manyan makaman yaƙi irin na soja, shugaban ƙasa ne kaɗai ke ba da izinin riƙe su. Bindigar da mutum kan mallaka don kansa, kamar ta farauta mai baki biyu, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka ta maharba ma, kwamishinan 'yan sanda na jiha na da ikon hana riƙe ta sai da lasisi. Wanda aka kama da ta kashi na farko babu izini, ɗaurin da doka ta tanada ba ya kasa shekara 10.

To, idan soja ne aka kama fa? Soja yana ƙarƙashin doka biyu: wadda ta hau kan kowa, da Dokar Rundunonin Soja da ta hau kansa shi kaɗai. 'Yan sandan soja, masu jar hula, su ke kama shi, a tsare shi a gadirum, wato ɗakin tsare sojoji na bariki, a yi bincike. Ƙaramin laifi, irin makara ko rashin ladabi, kwamandansa ne ke yanke masa hukunci. Batun makami ya fi ƙarfin nan, kotun soja ake kafawa.

Kotun soja ba gini ba ne da ke nan kullum kamar kotun majistare. Babban kwamanda ne ke kafa ta idan shari'a ta taso, in an gama ta watse. A nan wajenmu Runduna ta 8 ce, mai hedikwata a Sakkwato. Babbar kotun soja tana da shugaba da hafsoshi aƙalla huɗu, ƙaramar kuwa shugaba da aƙalla biyu. Tare da su akwai hafsa lauya mai nuna musu abin da doka ta ce, amma ba ya cikin masu yanke hukunci.

Ga abin da iyalai da yawa ba su sani ba, sai su zauna suna kuka kawai. Wanda ake tuhuma yana da damar ɗaukar lauyan da yake so, ko da farar hula ne. Yana iya cewa bai yarda da wani daga cikin hafsoshin da za su yi masa shari'a ba, in yana da dalili. Hukuncin da aka yanke, ɗauri ne ko kora daga aiki ko rage girma, ba ya zama tabbatacce sai hukumar da ke sama ta duba ta tabbatar. Bayan nan ma akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da reshe a nan Sakkwato, daga ita sai Kotun Ƙoli. Amma ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, don haka ba a sanyin jiki wajen neman lauya.

Wani zai ce, ɗan harsashi goma har ya kai a kafa wa mutum kotu? Ya tambayi mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah. Ɗan bindigar daji ba ya ƙera harsashi, saye yake yi. Harsashin da ya fita daga bariki ta ɓarauniyar hanya, ba mamaki a kan abokin aikin mai sayarwar zai ƙare.

Mu koma ɗakin Inna. Da ta yi shiru aka zo aka sami jakar, ita ma tana ciki tsundum. Ba za a kai ta kotun soja ba, don ita ba soja ba ce, kotun farar hula za ta gurfana. "Ajiya aka ba ni" ba ta fid da wanda ya san abin da ke cikin ajiyar. Wanda ya tsinci makami ko harsashi kuma, kada ya ɗauka, kada ya bar yara kusa. Ya sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Aiki: Ku karanta maganar Inna da ɗanta, mutum biyu-biyu, da ƙarfi. Sannan kowa ya rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinsa, yana lura da haruffa masu lanƙwasa: ɗauri, ƙara, taɓa. A ƙarshe ku rubuta jimla biyu, abin da za ku ce wa ɗan'uwan da ya kawo muku ajiyar da ya hana ku buɗewa.