Yanda za ka riƙe aikin lauyan soja ba tare da gidanka ya watse ba

In aka ce lauyan soja abun da ke faɗo wa mutane a rai kotun soja ce kawai, wani ya miƙe cikin kaki yana ƙure shaida da tambayoyi. Eh akwai wannan ɗin, amma yawancin ranakun aikin ba haka suke ba. Yau kana duba rahoton bincike, gobe kwangilar sayen kaya, jibi maganar diyyar wani farar hula da motar sojoji ta buge, ga koyar da dokar yaƙi, ga sojan da ya shigo da takardar kotu a hannu bai ma gane mai ta ƙunsa ba. Kuma duk wannan kana yin sa ne a matsayin hafsa wanda za a iya ce masa tattara kayanka ka tafi wuri kaza, ba shawararka ake nema ba. Namiji ne kai ko mace ce ke duk ɗaya ne, ni dai zan riƙa cewa "kai" don sauƙi.

Kafin ka sa hannu

Sai ka zama cikakken lauya tukun, digiri da lasisin tsayawa a kotu, sannan soja su ɗauke ka su ba ka gajeren horon hafsoshi. A Ingila lauyoyin rundunar ƙasa suna yin gajeren kwas a makarantar horon hafsoshi ta Sandhurst, a Amurka kuwa inda ake ce musu JAG sashen ya faro tun 1775 da William Tudor, lauyan rundunar na farko, kuma makarantar lauyoyin rundunar ƙasarsu tana Charlottesville a jihar Virginia. Kowace ƙasa da tsarinta, ka nemi takardar sharuɗɗan taku ka karanta da idon lauya, ba da idon mai ɗokin saka kaki ba.

Abun da zan ja kunnenka a kai shi ne shekarun da za ka ɗaure kanka da su. A rundunar ƙasa ta Amurka shekara 4 ne karon farko. Wannan ba ofishin lauyoyi bane da in oga ya ɓata maka rai za ka ajiye takarda ka ƙara gaba, don haka uwargida ko maigida su ga takardar nan kafin ka sa hannu, kuma ka faɗa musu mafi munin abun da zai iya faruwa, wato a tura ka inda iyali ba sa bi, na wata da watanni. Kar ka ce "ai mu lauyoyi ofis muke zama". Lauyoyi ma ana tura su fagen daga.

Waye kake wa aiki a wannan fayil ɗin

Nan ne sababbi suka fi faɗawa rami. In kana bai wa kwamanda shawara, rundunar kake karewa ba shi a karan kansa ba, ranar da muradinsa ya saɓa da na rundunar dole ka gaya masa ya nemi nasa lauyan. In kuma aka naɗa ka kare sojan da ake tuhuma to shi ne naka, sirrinsa amana ne, ko janar ne ya tambaye ka mai yaron ya ce maka ba ka da amsa. Sabida wannan matsin ne Amurka ta ware wa lauyoyin kariya na rundunar ƙasa sashe mai zaman kansa a 1980, don kar wanda ya kai soja kotu ya zama shi ne mai rubuta wa lauyansa rahoton ƙarin girma, kuma sashe na 37 na dokar sojansu ta 1950 ya hana kwamanda tsoma baki a shari'a. Game da Ingila ma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke a 1997 a shari'ar wani soja mai suna Findlay cewa kotun sojan da ta hukunta shi ba mai cin gashin kanta bace, don hafsan da ya kafa kotun shi ya zaɓo masu zama kuma suna ƙarƙashinsa.

To a aikace ya za ka yi. Duk sojan da ya zauna gabanka ya fara "oga wallahi abun da ya faru shi ne", tsayar da shi kafin ya ƙarasa, ka gaya masa ko kai lauyansa ne ko ba kai bane. In ba kai bane ka nuna masa ƙofar da zai shiga. Minti ɗaya ne amma yana ceton mutum, yana kuma ceton lasisinka.

Ga inda abun ya shafi gida. Bariki ƙaramin wuri ne, wanda kake gurfanarwa da safe ɗansa ajinsu ɗaya da 'yarka, matarsa kuma za ta iya tare matarka a bakin famfo ko wajen ɗauko yara tana kuka tana cewa don Allah ki sa baki. Ba mugunta bace, tsoro ne. Amma in iyalinka ba su san mai za su ce ba, tausayi zai sa su yi alkawarin da zai jefa ka cikin matsala. Ku shirya amsa guda tun wuri, kamar "ba ya kawo maganar ofis gida, ko na tambaya ba zai faɗa min ba", kuma ka tabbata maganar gaskiya ce. Kyauta kuwa komai ƙanƙantarta in ta fito daga gidan da ke da shari'a a hannunka, a mayar cikin mutunci ranar da ta zo, yara ma a koya musu.

Yanda ake ce wa kwamanda a'a

Sashe na 82 na Ƙarin Yarjejeniya ta Ɗaya ta 1977, wadda aka ɗora a kan Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 kan dokar yaƙi, ya wajabta wa ƙasashen da suka amince da ita su tanadi masu ba kwamandoji shawarar doka. Kai ne wannan mutumin. Ka ƙaddara ƙarfe 2 na dare ne a ɗakin tsara farmaki, ga hoton wani gida a allo, ana cewa wanda ake nema yana ciki, amma gefe guda ga igiyar shanya da ƙananan riguna a kai, kwamanda ya juyo ya ce lauya mai ka gani, kowa ya yi tsit yana kallonka. Ba a son lacca a nan. Tambayoyin da za ka bi sanannu ne, abun da za a kai wa harin na soja ne ko na farar hula, ɓarnar da ake hasashe ga farar hula ta wuce kima in an auna da ribar da ake sa ran samu ko ba ta wuce ba (sashe na 51 na Ƙarin Yarjejeniyar nan), sannan an yi duk taka-tsantsan da zai yiwu (sashe na 57), za a iya jira ya fito, za a iya canja makami ko lokaci.

Ka rarrabe masa amsarka. Wannan doka ta hana, babu zancen. Wannan doka ba ta hana ba amma ga haɗarinsa, shawara taka ce ranka ya daɗe. Ga kuma wata hanyar da za ta kai ka inda kake so. Lauyan da bai iya komai ba sai "ba zai yiwu ba" za a daina kiransa taro, wanda kuma bai iya komai ba sai "daidai ne oga" ya fi haɗari, don sashe na 28 na Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, yana ɗora wa kwamanda alhakin laifin da yaransa suka yi in ya sani ko ya kamata ya sani bai hana ba, kaga in ka yi masa daɗin baki kai ne ka tura shi. Rubuta shawarar da ka bayar da lokacin da ka bayar, nan take. Kuma ka riƙa kutsa kai tun ana zana shirin, a'a ta ranar farko kowa na iya haɗiye ta, amma ta lokacin da jirgi ya riga ya tashi faɗa ce.

Takardun gidanka

Kafin a tura bataliya za ka ga layi a ƙofar ofishin lauyoyi, yara 'yan shekara 19 da 20 suna rubuta wasiyya suna dariyar ƙarfin hali, kai kuma kana yi musu faɗa kan su gyara sunan wanda za a nema in wani abu ya faru. Ka gama ka koma gida alhali naka fom ɗin tun kana gwauro ka cika shi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ka ware rana ɗaya ka yi naka, kuma wani lauyan ya rubuta maka, kar ka yi da kanka don za ka tsallake tambayoyin da ba ka son ji. Wasiyya daidai da dokar gadon da ta shafe ka. Sunan mai karɓar inshora da haƙƙoƙinka, ka sake dubawa duk lokacin da aka yi aure ko haihuwa ko rabuwa ko rasuwa, don ofishin biyan kuɗi abun da ke fom suke bi ba abun da ke ranka ba. Takardar wakilci, ni dai na fi son mai iyaka, wadda ta ambaci abu kaza da kaza kuma tana da ranar ƙarewa, a kan wadda ta ba mutum ikon komai. Sannan abokin zamanka ya san banki, bashi, haya, kuɗin makaranta, inda takardun haihuwar yara suke, a zauna a yi gwaji kana nan, shi ya biya na wata guda kai kana kallo. In ku biyun duk sojoji ne, ko kai kaɗai ke riƙon yara, rundunar Amurka ma tilasta wa irinku take su rubuta wanda zai riƙe yaran in an tura su, ko taku ba ta tilasta ba ka rubuta, kuma ka tambayi mutumin tukun. Ka kuma binciki sassaucin da dokar ƙasarku ta yi wa soja, a Amurka dokar 2003 ta taƙaita ruwan bashin da mutum ya ci kafin ya shiga aiki zuwa kashi 6 cikin 100.

Taransifa da abun da kake shigowa da shi gida

Duk bayan shekara 2 ko 3 ana iya ɗaga ka. Kai kana zuwa ga ofis ga tebur ga mutanen da suka san girmanka, ita kuwa ko shi daga sifili za a fara, sabon aiki in an samu, sabuwar makarantar yara, babu wanda za a bar wa jariri a je asibiti. Da ka ji ƙishin-ƙishin ka faɗa a gida ko bai tabbata ba, ɓoyewa "don kar hankali ya tashi" ba tausayi bane, hana mutum lokacin shiri ne. In akwai shekarar jarrabawar yaro ko mara lafiya, ka rubuta wa masu rabon wuraren aiki da wuri da hujja, ba lallai su amsa ba amma ba za su yi la'akari da abun da ba su sani ba.

Wasu fayilolin kuma suna da nauyi, fyaɗe, cin zarafin yara, hotunan gawa. Ba za ka iya ba da labarinsu ba, amma za ka iya cewa yau na ga abu mara daɗi ku ba ni rabin awa, ya fi ka shigo fuska a murtuke kowa na tunanin shi ya yi laifi. In barci ya ƙaurace maka ko ka fara yi wa yara tsawa kan abun da bai kai ba, je ka ga likita. Makon shari'a ka sanar tun kafin ya zo cewa ba za a gan ka ba sai dare, ka kuma faɗi ranar da za ka rama ka cika. Don Allah kar ka riƙa yi wa mutanen gida tambayar ƙure, "ɗazu kin ce ƙarfe 4 yanzu kuma kin ce 5", mu bar wannan a kotu.

Dawowa daga fage ma sai da dabara. Wata 6 ko 9 gida na tafiya ba kai, an canja lokacin barcin yara, ƙaramin yana ɓuya bayan uwarsa in ya gan ka. Makon farko ka zama mai kallo da tambaya, ka ɗauki kai yara makaranta ko wani aiki guda da kowa zai ga kai ke yi, maganar canja tsari kuma ku yi ta ku biyu bayan yara sun kwanta.

Lasisinka na farar hula kar ka bari ya mutu, ka biya kuɗin sabuntawa duk shekara ko kana ina, ka riƙe lissafin irin shari'o'i da kwangilolin da ka yi ba tare da sunaye ko bayanan sirri ba, don shi za a tambaye ka ranar da ka cire kaki. Shekara ɗaya kafin wa'adinka ya cika ku zauna da iyali ku duba fansho, karatun yara da aikin abokin zamanka, sannan ka cika fom ɗin ƙarin wa'adi ko na ajiye aiki.