Yadda Ake Gane Sassan Ƙofar Matakalar Jiragen Ruwa da Aikin Kowane Sashe

Matakalar jiragen ruwa wani ɗaki ne da ake ginawa a kan mashigin ruwa, mai ƙofa a kowane ƙarshe, inda ake cika ruwa ko a rage shi domin jirgi ya hau tudu ko ya gangara kwari. Wani injiniyan ƙasar Sin mai suna Qiao Weiyue ne ya gina irin wannan ɗaki a shekarar 984, ƙofa mai ƙyaure biyu kuwa ana danganta ta da aikin Leonardo da Vinci a birnin Milan na Italiya a ƙarshen ƙarni na 15. Mai son fahimtar wannan ƙofa ya fara da sanin cewa ba sakata ba ce ke riƙe ta, ba kwaɗo ba ne, nauyin ruwan ne da kansa.

Da farko, ka tsaya a bakin ɗakin ka dubi ƙyauren biyu a rufe. Za ka ga ba su miƙe a layi ɗaya ba, sun haɗu ne da kusurwa, tsininsu yana fuskantar ɓangaren da ruwa ya fi yawa. Ginshiƙan da suka haɗu a tsakiya su ne ginshiƙan haɗuwa, kuma an fere su a karkace yadda duk ƙaruwar ruwa za ta ƙara matse su da juna.

Daga nan ka bi ƙyauren da ido zuwa bango, inda za ka tarar da ginshiƙin dunduniya, wanda a kansa ƙyauren ke juyawa. Bayansa a zagaye yake, yana zaune cikin wani gurbi da aka sassaƙa a jikin bango daidai da shi, ta yadda nauyin ruwa zai ratsa katakan da aka gicciya a jikin ƙyauren ya sauka a kan ginin. A ƙasan ginshiƙin akwai fegin ƙarfe da ke juyawa cikin kwaskon ƙarfe, wanda ba a ganinsa sai an janye ruwa. A sama kuma akwai ƙawanyar ƙarfe da ta rungumi wuyan ginshiƙin, aka kafe ta cikin dutse, kuma ba domin ita ba, da ƙyauren ya kife gaba.

Mataki na uku shi ne duba dogon gungumen da ya taso daga saman ƙyauren ya miƙe kan tudu. Kowa na ganin aikinsa na fili, wato shi ake jingina wa baya a tura ƙofa. Amma yana da aiki na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba: nauyinsa yana rinjayar na ƙyauren domin kada gaban ya sunkuya ya riƙa gugar ƙasa.

Sai ka nemi ƙananan tagogin ruwa, waɗanda a ganina su ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Taga wata kafa ce da ke ƙarƙashin ruwa, ko dai a jikin ƙyauren ko a bakin wata kwalbati da ta zagaya ta cikin bango, kuma marfi ne ke toshe ta. Marfin yana rataye da sandar ƙarfe mai haƙora, wadda ta sarƙe da wata ƙaramar giya, wato faifan ƙarfe mai haƙora. Idan aka zura hannun juyawa a kan sandar giyar aka murɗa, marfin zai ɗaga, ruwa ya wuce, wani harshen ƙarfe kuma yana faɗawa tsakanin haƙora domin kada marfin ya suɓuce. Kada a bar hannun juyawa a maƙale bayan an gama, domin idan harshen ya goce, hannun zai yi juyi da ƙarfin da zai iya karya wa mutum haƙori ko yatsa. Wajen cika ɗaki, tagogin bango ake fara buɗewa a hankali, saboda na jikin ƙyaure suna iya kwararo ruwa cikin gaban jirgi.

Me ya sa dole a jira ruwan ya daidaita kafin a tura ƙofa? Lissafi ne mai sauƙi. Bambancin santimita 10 kacal tsakanin ruwan ɓangarorin biyu a kan ƙyaure mai murabba'in mita 4 yana danna shi da nauyin kusan kilo 400, wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya nesa ba kusa ba.

Abu na ƙarshe, kuma mafi haɗari, shi ne dokin ƙofa, wato tudun dutse ko na kankare da gindin ƙyauren ke dannewa domin ruwa kada ya zurara ta ƙasa. Dokin ƙofar sama, wato ƙofar da ke ɓangaren tudu, yana shigowa cikin ɗakin, kuma ba ya bayyana sai ruwa ya ragu, shi ya sa a mashigan ruwan Ingila ake zana farar alama a bango daidai inda ya ƙare. Matuƙin da ke gangarawa ya tabbata bayan jirginsa ya wuce wannan alama, idan ba haka ba, bayan zai maƙale a kan tudun, gaban ya ci gaba da sauka har ruwa ya shiga ciki. Da zarar an ga haka, a sauke duk marfin tagogi nan take, sannan a ƙara ruwa sannu a hankali har jirgin ya sake tashi.