Yadda za a zaɓi tsakanin falankin haɗi da na PVC domin dandamalin shaƙatawa a harabar gida

Wanda ya yi niyyar shimfiɗa dandamalin shan iska a harabar gidansa, kuma ba ya son ɗawainiyar shafa wa katako fenti ko banish kowace shekara, yawanci zaɓinsa yana tsayawa ne a kan kaya iri biyu. Na farko shi ne falankin haɗi, wanda ake cakuɗa garin katako da narkakkiyar roba a matse su wuri guda, kuma kamfanoni irin su Trex suka yaɗa shi a Amurka tun cikin shekarun 1990. Na biyu shi ne falankin PVC, wanda roba ce zalla, babu ko ƙwayar katako a cikinsa. A idon mai saye kamanninsu ɗaya ne, amma wannan garin katakon shi ne tushen kusan duk bambancin da ke tsakaninsu.

Kafin a duba launi ko zane, sai a fara duba ruwa. A tsaya a wurin da za a yi aikin bayan an ɗauke ruwan sama, a lura ko ƙasa tana saurin tsotsewa ko ruwa yana kwanciya, ko akwai inuwar bishiya mai hana wurin bushewa, ko kuma dandamalin zai kasance a gefen wurin ninƙaya. Garin katako yana shan danshi, shi ya sa falankan haɗi na farko-farko suka yi ƙaurin suna wajen kumbura da yin fumfuna. Na zamani ana lulluɓe su da ɓawon roba mai tauri, amma wajibi ne a juya falankin a dubi ƙasansa, domin wasu gefe uku kawai ake rufewa, sannan duk inda zarto ya yanka cikinsa yana nan a buɗe. PVC ba ya shan ruwa, ba ya ruɓewa, gara kuma ba ta samun abin ci a jikinsa. Saboda haka, a wuri mai yawan laima ko dandamalin da ke dab da ƙasa, inda iska ba ta ratsa ƙarƙashinsa sosai, a ganina babu dogon tunani, PVC ne ya dace.

Sai batun rana. Duka biyun suna ɗaukar zafi, kuma launi mai duhu ya fi mai haske ƙona ƙafa ko da wane iri ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi guntayen samfuri daga mai sayarwa, a jera su a daidai wurin da tsakar rana na kamar awa biyu, sannan a taka kowanne ba takalmi. Zafi kuma yana sa roba ta miƙe, sanyi ya sa ta tsuke, kuma PVC ya fi falankin haɗi wannan motsi ta tsawonsa. Idan kafinta bai bi jadawalin da kamfani ya bayar ba game da tazarar da za a bari bisa zafin ranar da ake aikin, za a wayi gari bakin falankai ya dare ko sun tokari juna sun ɗago.

Ta fuskar kuɗi, PVC ya fi tsada a mafi yawan lokuta, don haka a busasshen wuri mai samun iska, falankin haɗi mai cikakken lulluɓi yana biyan buƙata ba tare da ƙarin kashe kuɗi ba. Ya kuma fi nauyi, kuma mutane da dama suna ganin ya fi kama da katakon gaske, yayin da rashin nauyin PVC yake sauƙaƙa ɗauka da aiki, musamman a kan bene.

Akwai abin da masu saye suke yawan mantawa da shi, wato babu ɗayansu da ake yin ginshiƙi da shi. Shimfiɗa ce kawai, kuma abin da ke ɗauke da nauyi shi ne katako mai magani ko ƙarfen da ke ƙarƙashi. Yawancin kamfanoni suna neman kada tazarar da ke tsakanin sandunan ƙarƙashi ta wuce inci 16, wato kimanin santimita 40, a rage ta zuwa inci 12 idan za a jera falankan a karkace. Idan aka faɗaɗa tazarar domin tsimin kuɗi, falankin zai riƙa lotsawa a ƙarƙashin ƙafa, kuma garanti ba zai yi aiki ba.

Shi ma garantin a karanta shi da kyau. Ana samun na shekara 25 har zuwa 50, amma a duba ko ya haɗa da koɗewar launi da tabo, ko kuma lalacewar falankin kaɗai ya shafa. Wanda ya zaɓi PVC ya guji shimfiɗa tabarma mai bayan roba a kansa, domin tana iya bar masa shaida, haka ma wasu mayukan kariya daga rana da maganin sauro na shafawa. Falankin haɗi kuwa maiƙo ne babban abokin gabarsa, sai a goge shi nan take da ruwan ɗumi da sabulu, a kuma sa abin tare zafi da maiƙo a ƙarƙashin murhun gashi.