Ga masu koyar da insha'i da adabi a sakandare

Assalamu alaikum malamai 'yan uwa. Ga wata dabara da ta yi mini amfani da ɗalibaina na SS1, ko wani zai gwada.

Na daina fara zango da "rubuta insha'i a kan garinku". Abin da nake samu layi biyar ne, duk iri ɗaya. Yanzu aikin farko shi ne kowa ya koma gida, kaka ko gwaggo ta yi masa tatsuniya ɗaya, ya rubuto ta yadda ya ji, tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus". Sai mako na biyu in ce a sake rubuta ta, amma da bakin wani. Idan ta Gizo ce, Ƙoƙi ta ba da labarin. Nan za ka ga abin mamaki: yarinyar da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta cika shafi uku, don tana da abin faɗa a kan halin Gizo. Daga nan bayanin jigo (saƙon labari), zubi (yadda aka tsara shi) da taurari (waɗanda labarin ke magana a kansu) ba ya wahala, sun riga sun taɓa su da hannunsu.

Wajen gyara kuma, don Allah a sassauta jan biro. Kuskure ɗaya nake bi a mako: wannan makon ɓ, ɗ, ƙ, mai zuwa "yana" da suke rabawa "ya na". Sauran sai a rubutu na gaba.