Yadda ake koyon muryarka a waƙoƙin coci irin na Handel da Bach

Wanda ya saba da waƙar da mutum ɗaya ke bayarwa jama'a na amshi, ranar da aka fara miƙa masa takardar Halleluya ta Handel zai sha mamaki. Waƙoƙin zamanin waɗannan masu tsara waƙa, Handel da Bach, daga wajen 1600 zuwa 1750 a Turai, ba murya ɗaya ce ke jan sauran ba. Soprano, alto, teno da bas, wato muryoyi huɗu daga mafi siriri zuwa mafi kauri, kowa da tasa hanyar: wani ya shiga, wani ya dakata, wani ya biyo baya da karin da aka riga aka ji. Jingina da na kusa da kai ba zai fishe ka ba.

Fara da kalmomin. Handel ya rubuta Messiah, doguwar waƙar da Halleluya ke cikinta, a Landan a 1741, aka fara rera ta a Dublin a watan Afrilun 1742, kuma daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko kalmominta. Na Halleluya suna cikin Ru'ya ta Yohanna, sura 11 da 19. Karanta su a Hausa tukuna, domin bakin da ya san abin da yake faɗa daban yake fitar da sauti.

Sai bugu. Ajiye kari gefe, ka riƙa tafawa kana furta kalmomin kamar magana, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ƙirga wuraren shiru kamar yadda kake ƙirga na waƙa. A ganina nan ne yawancin ƙungiyoyin mawaƙa ke ganganci, kuma nan ne waƙa ke wargajewa ranar Kirsimeti.

Bayan nan ka ɗora solfa, do re mi ɗin da majami'unmu suka gada, layi biyu ko uku a zama ɗaya. Ka nemi mai piyano ya buga maka muryarka kaɗai, ka naɗa a waya.

Yanzu ɗauki fensir, don aikin da ya fi kowane muhimmanci shi ne sanin ƙofar shigarka. A wurin da ake cewa zai yi mulki har abada abadin, bas ne ke farawa, sai teno, sai alto, soprano na ƙarshe. In kina alto, 'yar'uwa, ki koyi layin teno ma, ki yi alama a daidai kalmar da za ki ja numfashi. Daga bakinsu za ki tsinci sautinki na farko, ba daga iska ba.

Akwai kuma gudu mai tsawo, wato sautuka da yawa a jere a kan gaɓa ɗaya, kamar a waƙar Messiah da aka ɗauko daga Ishaya 9:6. Kada ka tunkare shi da gaggawa. Yanka shi huɗu-huɗu, ka ɗan danna na farkon kowane huɗu, ka bi a hankali har ya zauna, sannan ka ƙara sauri. Iskar daga ciki take tasowa. In maƙogwaro ya fara zafi, tsaya ka sha ruwa.

Daga nan ka samu mutum ɗaya mai wata murya daban, ku tsaya fuska da fuska ku rera. In ya janye ka zuwa layinsa, koma ka sake.

Kafin Halleluya ta ƙarshe akwai shiru, kowa da kowa. Na taɓa ganin wani saurayi da ya yi wata biyu yana gwaji ya saki murya shi kaɗai a cikin wannan shirun, don idonsa na kan takarda. Zagaye wurin da fensir, ka hardace layin ƙarshe, ka sa ido a hannun shugaban mawaƙa har sai ya sauke shi.