Kafin Ka Ɗauki Yaron Shago a Niyok

Duk wanda ya sauka a Buronks, wani yanki na birnin Niyok, ya ga shagunan mutanenmu, na kayan abinci da na ɗinki da na kitso da na aika kaya gida, sai zuciyarsa ta raya masa cewa shi ma bana zai buɗe nasa. Babu laifi a cikin wannan. Kasuwanci gadonmu ne, kuma waɗanda suka riga mu zuwa, 'yan zangon Kumasi da na Nima, da mutanen Nijar, da Kanawa da 'yan Jos, da guminsu suka kafa waɗannan shaguna, ba wanda ya ba su ko sisi. Ina alfahari da su. Abin da ke ƙona min rai shi ne sabon zuwa ya ga ƙofar shago a buɗe, bai tambayi takardun da ke manne a bayan kanta ba, ya kwashi adashinsa ya zuba, sai takardar tara ta iso sannan ya fara neman manya.

Ka fara sanin cewa a Amurka hukuma hawa uku ce a kanka: tarayya, jiha, da birni, kowacce da dokarta. Shawarar da ɗan'uwanka ya ba ka daga jihar Tekzas ba lallai ta yi aiki a nan ba. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, kuma a kansa Tekzas take. A birnin Niyok kuwa dala 16.50 ne a 2025, ya koma 17 daga Janairun 2026.

Rajista ba ta da wuya. Lambar haraji ta kasuwanci, EIN, kyauta hukumar haraji ta tarayya, IRS, ke bayarwa ta intanet, kada wani ya karɓi kuɗinka a kanta. In kamfanin LLC za ka buɗe, wato irin wanda ke raba bashin kamfani da dukiyar mai shi, dala 200 ce a ofishin jihar Niyok, sannan ka buga sanarwa a jaridu biyu mako shida a jere cikin kwana 120 na farko. Takardar izinin karɓar harajin sayarwa kuma ana nemanta aƙalla kwana 20 kafin a fara ciniki. Harajin kashi 8.875 ne cikin ɗari a birni, kuma kuɗin nan amanar jiha ce a hannunka, kada ka sa shi cikin jari.

Lasisi ya danganta da sana'a. Mai shagon kayan abinci yana ƙarƙashin ma'aikatar gona da kasuwanni ta jiha, mai dafa abinci yana ƙarƙashin hukumar lafiya ta birni. Wanda zai rubuta "halal" a jikin namansa akwai dokar 2005 da ta wajabta masa rajista. 'Yan'uwa mata masu kitso, jiha na neman karatun awa 300 kafin ta ba da lasisi, shagon kansa ma da nasa lasisin daban. Kafin ka sa hannu a takardar haya, ka tabbatar takardar ginin ta yarda a yi irin sana'arka a wurin, domin mai gida ba zai yafe maka haya ba don an hana ka buɗewa. Karɓar kuɗin mutane a shago ana tura musu gida ba tare da lasisi ba kuwa laifi ne da ke kai mutum kurkuku, ko da kowa ya san kai mai amana ne.

Duk waɗannan ana wuce su. Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne maganar yaron shago.

A gida mun san yadda ake yi. Ka ɗauki ɗan wanka ko ɗan abokinka, ya ci ya sha ya kwana a wurinka, ya tsare maka shago, bayan shekaru ka sallame shi da jari. Tsari ne mai albarka, ya fitar da attajirai da yawa. Amma dokar Niyok ba ta san shi ba. A wurinta duk wanda ya tsaya a shagonka, kai ke gaya masa lokacin zuwa da na tashi, ma'aikaci ne. Ko ɗan garinku ne, ko shi ya roƙe ka, ko ya yarda da ladan da bakinsa, ko ba shi da takardun zama, haƙƙinsa na albashi yana nan daram. Yarjejeniyar da kuka yi a ƙofar masallaci ba ta rage ko kwabo.

Mu yi lissafi. A ce yaro yana buɗe shago awa 12 a rana, kwana shida a mako, awa 72 ke nan. Awa 40 na farko a kan dala 17 sun kama 680. Sauran 32 ana biyansu ninki ɗaya da rabi, wato 25.50, sun kama 816. Mai ƙaramin albashi kuma, duk ranar da tsawon aikinsa ya haura awa 10 yana da ƙarin ladan awa ɗaya, wato 102 a kwana shida. Jimilla 1,598 a mako. In kai 600 kake damƙa masa a hannu kana ganin ka kyauta, kusan dala dubu kake tara wa kanka bashi kowane mako. A wannan jiha ma'aikaci na iya bin haƙƙinsa har na shekara shida baya, kotu ta ninka kuɗin, ta ɗora kuɗin ruwa da na lauyansa. LLC ba zai kare ka ba, domin a shari'ar albashi ana haɗa sunan mai shago da na kamfani.

Na taɓa zama a wani sulhu da har yau yake damuna. Dattijo ne mai mutunci, ya riƙe wani yaro shekaru, ya ba shi ɗaki, har ya tsaya masa a aurensa. Ranar da suka ɓata, yaron ya je wurin lauya. Dattijon yana ta maimaita "ai ɗana ne, ai ɗana ne", idonsa ya kawo ruwa. Aka ce ya kawo littafin da yake rubuta awoyi, babu. Takardar biya, babu. Idan mai shago ba shi da rubutu, abin da ma'aikaci ya tuna shi kotu ke ɗauka muddin ya shiga hankali. Shagon bai tsira ba. Mutane suka yi ta tsine wa yaron, ni kuwa ban iya ba, domin na san sa'o'in da ya yi a tsaye a cikin sanyi yana sauke buhunan shinkafa. Sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma addininmu ya riga dokar Niyok cewa a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Tun 2023 ma jihar ta sa danne albashi cikin laifukan sata.

Abin da ake nema ba gagara-badau ba ne. Dokar da ta fara aiki a 2011 ta ce ranar da ka ɗauki mutum ka ba shi takarda mai nuna ladansa da ranar biya, ya sa hannu. Kowane biya ya zo da takardar da ta fayyace awoyi da abin da aka cire. Ka ajiye rubutun shekara shida. Rashin kowace ɗaya daga takardun nan biyu kaɗai na iya jawo maka har dala 5,000 a kan kowane ma'aikaci. Mai aikin ƙarfi mako-mako ake biyansa, kuma ma'aikacin shago yana da hutun kwana ɗaya cur a kowane mako.

Sai inshorar rauni a wurin aiki, wadda da yawanmu ba su taɓa jin labarinta ba. Ko mutum ɗaya ka ɗauka, ko na rabin yini ne, wajibi ce. Tarar rashinta tana kai dala 2,000 a kowane kwana goma, ana iya rufe maka shago, kuma in injin yankan nama ya taɓa yatsan yaro, kuɗin asibiti da na zamansa a gida duk daga aljihunka za su fito. In ribarka ba ta kai ka biya wannan da cikakken albashi ba, to lokacin ɗaukar yaro bai yi ba, ka tsare shagonka da kanka.

Kai kuma sabon zuwa da kake wa wani aiki, ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta lokacin shiga da na fita da abin da aka ba ka. In ka ga gibi, ka yi magana tun yana ƙarami, a gaban dattawa, kada ka bari ya taru shekaru ya rushe gida biyu.

Birnin yana da hukumar taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa, shawararta kyauta ce, har duba takardar haya ana yi. Ka kira 311, lambar wayar neman bayani ta birnin, ka tambaya, ka ce a haɗa ka da tafinta. Ka kuma nemi akanta mai lasisi ya tsara maka biyan albashi kafin ka ɗauki kowa, ba mai cike takardun haraji na lungu da ke buɗewa wata uku a shekara ba.